Tafiyar Safe da Alhaji Shitu

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Tun Talata ban buɗe littafin nan ba. Juwairiyya ce ta ce in riƙa rubuta abu biyu kullum, awon suga da tafiyar da na yi, don in ta zo daga Kano ta duba. Ita ce babba a 'ya'yana, nas ce, kuma ba ta yarda da abin da na faɗa mata da baki.

Yau na koma fita. Ina idar da azkar na ji sallamar Alhaji Shitu a ƙofar gida, irin wadda ya saba, ya yi ta da ƙarfi sannan ya bi ta da tari. Ban zaci zai zo ba. Na ɗan jima a zaure da takalmi a hannu, sannan na sa na fita. Muka gaisa. Ya ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Muka kama hanyar Fassi har kwalbati, muka juyo.

Tun bayan azumi muke wannan tafiya, ni saboda ciwon suga, shi saboda hawan jini. Juwairiyya ta sayo mana mitar ƙirga taku a Kano, masu araha, kowa da tasa. Tawa kamar kwalin ashana take, a bakin wando ake maƙala ta, in ka girgiza ta ka ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki. Tasa ta ɗaurawa a hannu ce kamar agogo. Hanya ɗaya muke bi, kafaɗa da kafaɗa, amma ba su taɓa yin daidai ba. Kullum tasa ce a sama. Na sha gaya masa cewa da hannu yake magana, ita kuma duk wurgin hannu taku ne a wurinta. Shi kuma ya ce tawa ce malalaciya kamar mai ita. Tun muna firamare haka yake da ni.

Da muka isa kwalbati na duba tawa, sai na ga ta haura dubu ashirin. Ashe tun Laraba ban goge ta ba. Ranar kuwa ban yi wata tafiyar ƙafa ba, a bayan babur na yini, daga Kibiya zuwa asibitin Rano, na dawo, na sake komawa. Duk ramin da babur ya faɗa sai ta rubuta taku. Na hanyar maƙabarta ma suna ciki, ban san ko nawa ba ne.

Jaririn da muka binne namiji ne. Bai yi kuka ba, don haka ba a yi masa salla ba.

Ramlatu tana asibiti har yanzu, an yi mata tiyata. Ita ce autata. Mijinta Uzairu ɗan Alhaji Shitu ne, bara muka ɗaura musu aure, ni da shi muna ta yi wa juna tsiya a kan wa ya ci riba.

Na goge lambar. Suga ba laifi.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

Mun je kwalbati mun dawo. Tasa ta fi tawa. An ƙara wa Ramlatu jini.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

An sallamo ta. Nan gida muka kawo ta, ɗakin uwarta.

Alhaji ya aiko da motarsa tun safe, an wanke ta, an cika mata mai, tana tsaye a bakin ƙofar asibiti. Hansatu, matata, ta leƙa ta taga ta gan ta. Ta ce, "Malam, a nemo mana ta haya." Na ce ga mota tana jira. Ta ce, "Yau motar ta iya tashi?" Na fita na nemo ta haya.

A hanya Ramlatu ta jingina da kafaɗar uwarta, idonta a rufe. Dawa ta yi kyau bana, daga Rano har gida shar take. Na lura mitar tana ƙirgawa a mota ma, amma ba kamar a babur ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na dawo daga tafiya na tarar da Hansatu a bakin murhu tana dafa ruwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Har yanzu kana fita da mutumin nan."

Na ce likita ne ya ce in yi tafiya.

Ta ce, "Likita ya ce da shi?"

Na zauna ina kwance takalmi. Ta ce tun cikin yana wata bakwai ta ce a dawo mata da 'yarta gida, haihuwar fari ce, kowa haka yake yi. Ta ce, "Kai ka ce gidan Alhaji ai gida ne, gari ɗaya muke, ga mota a ƙofa. Ko ba haka ka ce ba?"

Takalmin nan ya fara cin ɗan yatsana na hagu. Juwairiyya ta ce mai suga ya kula da ƙafarsa. Zan nemi wani ranar kasuwa.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Yau mun yi gwaji. Na ɗauko tsohon tef ɗin awona na lokacin da nake koyar da lissafi, muka je filin ƙwallon firamare tunda ana hutu. Muka auna daga raga zuwa raga. Na ce kowa ya goge tasa, ya taka yana ƙirgawa da baki, mu ga wadda ta fi kusa da gaskiya.

Sau uku muka yi. Tawa takan rage kaɗan. Tasa takan ƙara, ba kaɗan ba. Da na ce ya sa hannun a aljihu, sai ta rage fiye da tawa. Da muka yi sauri duka biyun suka matso kusa da ƙirgar baki. Da muka yi a hankali, irin tafiyar tsofaffi zuwa masallaci, tawa ta yi kamar ba ta san ana yi ba.

Alhaji ya ce, "To wacce ce mai gaskiya, Malam Sharfu?"

Na ce babu. Ya ce, "Ai shi ke nan, mun huta."

Mun kai kusan awa biyu a filin. Wasu mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallon dattawa biyu suna safa da marwa tsakanin raga da raga. Ba mu yi wata magana ba sai ta mita.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Uzairu yana zuwa kullum. Yakan zauna a zaure da leda a gabansa, lemo ko hanta ko madara. A karɓi ledar a shiga da ita. Ramlatu ba ta ce kada ya shigo ba, ba ta kuma ce ya shigo ba. Yau na zauna da shi.

Ya rame. Ranar da abin ya faru yana Dawanau, ya kai wa babansa hatsi. Ya ce, "Baba, wallahi na kira. Tun hantsi na kira na ce..."

Na ce ya sha ruwa tukuna. Ya sha. Na tambaye shi kasuwar wake. Ya ba ni amsa, sannan ya koma kallon tabarma, har aka kira magariba.

Lahadi, 31 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Ba fita.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Karo na farko tawa ta fi tasa. Na duba sau biyu. Ba batir ba ne. Hannuwansa a baya ya goya su tun daga gida har kwalbati, kuma bai ce komai ba sai da ya ga gonar wani da ƙuduji ya cinye ya ce, "Allah Ya kyauta."

Mun zauna a kan kwalbatin. Ruwa yana wucewa ta ƙasa, ja wur. Ya ce, "Malam Sharfu." Na ce na'am. Ya daɗe yana murza mitar a hannunsa. Sai ya ce, "Igiyar nan ta fara tsagewa." Na karɓa na duba. Ta fara, daidai wajen huda ta uku. Na ce mai gyaran takalmi zai iya ɗinke ta.

Muka tashi.

Alhamis, 4 ga Satumba, da yamma

Juwairiyya ta bugo waya. Ta ce kwanciyar Ramlatu ta yi yawa, dole ta riƙa tashi tana takawa ko da a tsakar gida ne, in ba haka ba jini zai iya daskare mata a ƙafa. Ta ce, "Baba, ka ba ta mitarka mana, ko ta samu abin dubawa." Na ce to.

Suga ya ɗan hau. Na ci masara gasasshiya biyu jiya.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Maulidi. Tun safe 'yan Islamiyya suke wucewa da waƙe ta bayan gida.

Da rana ta yi sanyi na ce wa Ramlatu ta fito. Ta fito tana dafa bango. Na nuna mata yadda ake maƙala mitar, ta maƙala a bakin zani. Ta fara zagaye tsakar gida, daga ƙofar ɗakin uwarta zuwa rijiya, zuwa turken akuya, ta dawo. Hannu ɗaya a kan ciki. Ina zaune a kan turmi ina kallon ƙafafunta, Hansatu tana tsince shinkafa.

Ta yi zagaye da yawa, har gumi ya feso mata a goshi. Ta tsaya ta ciro mitar ta duba. Ta miƙo mini. Goma sha ɗaya.

Ta yi dariya. Tun da ta dawo ban ji ta ba. Ta ce, "Baba, ita ma ba ta yarda na yi tafiya ba."

Na fara yi mata bayani cewa akwai ɗan ƙarfe a ciki, sai ƙugu ya girgiza sosai yake motsi, mai tafiya a hankali ba ya girgiza shi. Ban gama ba ta ce, "Ranar ma haka na yi ta zagayawa."

Hansatu ta daina tsince shinkafar.

Ramlatu ta ce, "Suka ce in yi ta tafiya, zai sauko. Tun safe. In na durƙusa sai ungozoma ta ɗaga ni, a ba ni rubutu in sha, a ce in ci gaba. Duk zagayen da na yi sai na wuce ta gaban rumfa, in ga motar Baba Alhaji a ciki. Na haddace lambarta. Har yanzu zan iya faɗa maka." Ba kuka take ba, kamar mai ba da labarin wata take maganar. Ta ce, "Da azahar na ji yana motsi. Da la'asar ma na ji. Bayan nan ban ƙara ji ba. Na gaya musu."

Ta koma ɗaki tana dafa bango. 'Yan Islamiyya suka sake wucewa.

Sai da gari ya waye ranar Laraba aka zo aka gaya mana, lokacin an riga an tafi da ita Rano. Tsakanin gidana da gidan Alhaji bai kai nisan masallacin Juma'a ba.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Ya yi sallama, ya yi tari. Ban fita ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da safe

Ya yi sallama sau biyu. Ina zaure a zaune, ƙyaure ne kawai tsakaninmu. Ina jin numfashinsa. Daga baya na ji takunsa ya yi gaba.

Litinin, 8 ga Satumba, da safe

Sau ɗaya.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Jiya bai zo ba, yau ma haka. Suga ya hau sosai, har ina ganin hazo-hazo. Na ɗauki mita na fita ni kaɗai, amma ta hanyar Rano na bi, gefen kwalta. Hanyar ba daɗi, manyan motoci suna watsa wa mutum ruwan kwatami. Ba inda za a zauna. Na ƙirga falwaya har na gaji na juyo.

Na lura in mutum shi kaɗai ne ya fi sauri. Mitar ma ta fi yin daidai.

Da na dawo Hansatu ta kawo mini kunu ba sukari, ta ajiye, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ta daɗe ba ta faɗa da wannan muryar ba. Ban ji daɗin hakan ba, ban san dalili ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Sahu ɗaya muka tsaya, mutum huɗu a tsakaninmu. Bayan sallama ya miƙo hannu na miƙa. Ya ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ba mita a hannunsa, sai farin shatin inda take zama.

Litinin, 15 ga Satumba, da yamma

Uzairu ya samu ɗaki biyu a Rano, bayan tasha. Ya ce wani abokinsa zai sa shi a shagonsa na taki da maganin feshi. Ya ce tun ranar bai ci abincin gidansu ba, a shagon wani yake kwana.

Wannan karon ban hana shi magana ba. Ya ce sau uku ya kira babansa daga Dawanau a kan a kai ta asibiti. Na farko aka ce masa haihuwar fari takan daɗe. Na biyu aka ce ga ungozoma, ita ta karɓi haihuwarsa shi kansa. Na uku ba a ɗauka ba. Ya ce, "Baba, ni ban san wa ya hana ba. Hajiya ta ce shi ne, ƙannena sun ce ungozoma ce ta ce a jira. Shi kuma ya ƙi cewa komai. Makullin motar dai a aljihunsa yake."

Na ce masa uba uba ne, ya je ya gaishe shi ko da daga bakin ƙofa. Ya ce to, irin to ɗin da ɗalibai suke yi mini in na ba su aikin gida ranar da za a yi hutu.

Da zai tafi Ramlatu ta aiko a ce masa hantar jiya ta yi gishiri. Ya tsaya a zaure yana maimaitawa, "Ta yi gishiri," yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Ramlatu ta daina dafa bango. Mitar ta fara ƙirga mata, ba duka ba, wajen rabi. Ta gano cewa in ta zauna ta girgiza ta a hannu lamba tana hawa, ta yi haka ta aika wa Juwairiyya hoto. Juwairiyya ta bugo tana murna. Ramlatu da uwarta suka yi ta dariya a ɗaki.

Yau Uzairu ya shiga ciki. Bai daɗe ba.

Na sayi takalmin. Ya ɗan yi mini yawa.

Asabar, 20 ga Satumba, da azahar

An ce jiri ya kwashi Alhaji a gonarsa ta gyaɗa jiya, ya faɗi. Jininsa ya hau ƙwarai. An kai shi asibiti an dawo da shi.

Na faɗa wa Hansatu. Ta ce, "Ka je ka duba shi. Ciwo daban." Na je bayan na ga mutane sun taru, na shiga cikinsu. Yana kishingiɗe a falo, bakinsa bai karkace ba, alhamdu lillahi. Na ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ya ce amin. Ya bi ni da ido har na fita. Na bi ta gaban rumfa, ban kalli gefen ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, da safe

Hanyar Rano. Ba a yi ruwa ba. Damina ta fara ja da baya.

Talata, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Ya zo da ƙafa, da sanda. Ban taɓa ganinsa da sanda ba. Bai yi tari ba bayan sallama. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ƙi zama a kai, ya zauna a dandamali.

Ya ce, "Malam Sharfu, ba wajenka na zo ba. Wajen 'yata na zo, in za ta yarda ta gan ni. In ba ta yarda ba in koma."

Na shiga na faɗa. Hansatu ta ce suruki ba ya zuwa wajen matar ɗansa, me mutane za su ce. Ramlatu ta ɗauki hijabinta ta sa. Ta ce, "Umma, ki zo ki zauna kusa da ni."

Suka fito. Ramlatu ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Kansa duk furfura, ban san ta kai haka ba. Ya buɗe baki, ya kalle ni, ya rufe.

Na sa takalmi na fita.

Na bi hanyar Fassi ni kaɗai har kwalbati. Ruwan ya ragu, ya yi garau, ana ganin yashi. Wani Bafulatani ya wuce da shanu, muka gaisa, ya ce bana ciyawa ta yi. Na zauna har rana ta yi ja. Ban ɗauki mita ba, tana jikin Ramlatu.

Da na dawo ya tafi. Hansatu tana zaure ita kaɗai tana naɗe tabarmar da ba wanda ya zauna a kai. Idonta ya kaɗa. Na ce me ya ce? Ta ce, "Da kana son ji da ka zauna."

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Na tambayi Ramlatu. Tana wanke kofuna a bakin rijiya. Ta ce ya yi magana mai tsawo, wani wajen ma ba ta gane ba saboda muryarsa.

Na ce, "Ke me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce na ji."

Na ce, "Kin ce kin yafe?"

Ta ɗauraye kofi ta kife shi. Ta ce, "Baba, na ce na ji."

Ta ce in an yi arba'in za ta bi mijinta Rano. Gidan can kuwa ba za ta sake kwana a cikinsa ba, ta gaya masa a gaban uwarta, shi kuma ya ce ba zai nema ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, da hantsi

Bayan asuba na wuce ta ƙofar gidansa na yi sallama. An daɗe kafin ya fito. Ya kalle ni, ya koma ciki, ya fito da sanda da mitarsa. An ɗinke igiyar da baƙin zare.

Ba mu kai kwalbati ba, a gindin tsamiya ya ce mu juya. A hankali muka yi ta, don haka tawa ba ta ƙirga abin kirki ba. Tasa kuma a hannun da yake riƙe sanda take, duk dogarawa sai ta rubuta. Ya duba ya ce, "Ka ga, na fi ka." Na ce sandar ce ta fi ni. Ya ɗan yi dariya.

Ba kamar da ba ne. Ban sani ba ko zai koma kamar da. Na ce gobe ya sha maganinsa kafin ya fito.

Litinin, 29 ga Satumba, da yamma

Arba'in. Hansatu ta yi waina ta raba wa maƙwabta, ba taro. Gobe mota za ta zo ta kwashi kayan Ramlatu zuwa Rano.

Bayan la'asar ta same ni a zaure da hijabinta. Uzairu yana tsaye a bayanta. Ta ce, "Baba, ina so ka nuna mini wajen. Ba zan shiga ba, daga waje zan tsaya."

Muka tafi mu uku da ƙafa. Wannan ce fitarta ta farko. Ta bayan gari muka bi, ta cikin gonaki, don kada a yi ta tsayar da ita da gaisuwa. Ba ta nemi hutawa ba. A bakin shingen maƙabartar akwai inda ƙaya ta faɗi, ana hango ciki. Na nuna mata da hannu, can gefen gabas inda ake sa yara, kusa da wata 'yar kuka. Ruwa ya kwantar da ƙasar, ciyawa ta fito a kai. Na ce na uku daga kukar.

Ta daɗe tana kallo. Uzairu yana addu'a ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Wa ya ɗauko shi?"

Na ce Alhaji ne. Tun daga ƙofar gida har nan a hannunsa, an nemi a karɓe shi ya ƙi. Shi ya sa shi a ciki. Ta gyara hijabinta.

Can ta ce, "Ba su nuna mini shi ba, ban farfaɗo ba. Kai ka gan shi?"

Na ce na gan shi. Ni na buɗe fuskar kafin a naɗe.

Ta ce, "Da wa ya yi kama?"

Na yi niyyar in ce jarirai duk kamarsu ɗaya, kamar yadda na gaya wa Hansatu da ta tambaya. Sai na ga ta juyo tana kallona, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in ta kawo lissafi tana jira in ce daidai ne ko ba daidai ba.

Na ce, "Da ke. Ranar da aka haife ki aka miƙo mini ke a zani, haka goshinki yake, haka bakin. Har gashin."

Ta ce, "Yana da gashi?"

Na ce, "Da yawa. Baƙi ƙirin, a kwance."

Ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa. Sannan ta kama hannun rigar mijinta, a gabana, ta riƙe. Na juya na yi gaba, na bar su a bakin shingen.